Dam ɗin Gwaggo Noelene

Ƙaya ce ta haɗa su. Ana gobe gasar Mooloolaba ta bakin teku, Marnie tana tsugunne gaban kekenta a filin da ake jera kekuna, tayar baya ta sace karo na biyu, ta rasa ta inda iskar take bi. Sai ga wani dogon saurayi ya tsaya a kanta, da ƙaton agogo a hannu kamar murfin kwalba.

"Kawo in gani," ya ce.

Ya zura yatsa cikin tayar, ya zaro wata 'yar ƙaya mai kai uku, ya ɗaga ta sama yana kallo.

"Wannan ba 'yar bakin teku ba ce. A ina kika kwaso ta?"

"Wilgabar."

"Ina ne kuma nan?"

"Ka nufi yamma, ka yi awa takwas kana tuƙi. In ka fara zargin ka ɓata, to ka kusa."

Sunansa Rowan, shagon gyaran keke gare shi a bayan kasuwa. Washegari aka yi gasar: iyo a teku, sai keke, sai gudu. A ruwa igiyar teku ta wujijjiga Marnie, ta fito kusan ta ƙarshe. Da ta hau keke kuwa, mata arba'in ta wuce. Ya jira ta a wurin ƙarewa da yankan kankana biyu.

"Ƙafarki ba ta da na biyu. Iyon naki ne dai..."

"Ƙarasa mana. Babana ya ce kamar tunkiyar da aka jefa a kwatamin wankan magani."

"A'a, ni Kifina zan riƙa ce miki, ko sunan zai bi ki."

"Ni kuma Agogo zan ce maka. Tun da muka tsaya sau shida ka duba shi."

Mutanen bakin teku sun daɗe da yanke hukuncin cewa ɗan wasa ba ya fitowa daga gari irin Wilgabar, kuma a takarda suna da hujja. Wurin iyon garin ana rufe shi daga Afrilu har ƙarshen Satumba, lokacin hunturunsu. Titin kwalta ɗaya ne, shi ma na manyan tireloli masu jela uku. Ba sa dai lissafa iskar da ke tare mutum kilomita hamsin ba sassauci, wadda ta gina wa Marnie ƙafar da suke mamaki. Kuma ba su san da dam ɗin Gwaggo Noelene ba.

Noelene maƙwabciyarsu ce, shekararta saba'in da huɗu, ita kaɗai take riƙe da shanunta tun rasuwar mijinta. A bayan get biyu tana da dogon dam, mita ɗari huɗu, ruwansa kamar shayi da madara. Shekara uku ke nan da ta yarda Marnie ta riƙa shiga, bisa sharaɗi uku: "Ke kaɗai. Ki rufe get. Kada in ji a bakin kowa."

A watan Mayu Rowan ya kawo ziyara. Clarrie, baban Marnie, ya bar fuskarsa ya tsaya kallon ƙafafunsa, waɗanda ya aske tas kamar yadda masu tseren keke suke yi.

"Marnie, wannan ne? Ai ƙafarsa ta fi ta marigayiya uwarki santsi."

"Baba!"

Da baƙon ya fita ɗauko jaka, tsohon ya rage murya. "Irinsu ba sa zama a nan, 'yata. Ɗauke ki zai yi. Ni ban amince ba, na faɗa miki tun yanzu."

Duk da haka ta je ta roƙi Noelene ta bar Rowan ya shiga ruwan sau ɗaya.

"Na tsaya masa, Gwaggo."

"Kin tsaya masa," in ji tsohuwar, tana kallonta ta saman tabarau. "To, na ji."

A bakin get na farko Marnie ta riƙe hannunsa. Ta san halin mutanensu: agogon nan yana zana taswirar duk inda mutum ya bi, su kuma su ɗora a manhaja kowa ya gani. A wajensu horon da ba a ɗora ba kamar ba a yi shi ba ne.

"Cire shi, Agogo."

"Nisan kawai nake son gani. Ba zan ɗora ba."

"Ka yi alkawari."

"Na yi, Kifina. Daga ni sai ke."

Ranar sun yi iyo kafaɗa da kafaɗa, rana tana fitowa, shanu na kallonsu daga gaɓa. Bayan ya koma, saƙonninsa ba su yanke ba.

*Kifina, yau na yi iyo a teku, gishiri kawai na ji. Ruwanki nake kewa. Ke ma ɗin, amma kaɗan.*

*Maƙaryaci. Ka ci abinci?*

*Ki dawo nan mana. Wurin iyo biyar ne a unguwarmu, ba a rufe ko ɗaya.*

*Ina da ruwana.*

Tana da buri guda a shekarar: babbar gasar Satumba, inda mata ukun farko na rukuninta za su samu gurbin zuwa ta duniya. Keke da gudu ba ta da fargaba. Iyo ne matsalarta, dam ɗin kuma shi ne maganinta.

Wata Asabar a cikin Yuli, saura mako tara a yi gasar, ta iso get da rigar ruwanta ta roba a kafaɗa, ta tarar da sarƙa da sabon kwaɗo. Noelene tana jingine da motarta, kamar dama ita take jira.

"Gwaggo, lafiya?"

"Jiya mota biyu suka shigo min, da kekuna a kai. Suka yi wankansu, suka bar min get biyu a hangame. Karsana goma sha ɗaya suka fita titi. Tirela ta take biyu. Ɗayar ba ta mutu nan take ba, ni na ƙarasa ta da hannuna."

Marnie ta sauke rigar ruwan daga kafaɗarta.

"Da za su tafi na tare su a hanya. Wata doguwa mai farin gashi ta nuna min taswirar gonata a wayarta, har inda ake juyawa. Ta ce ai Rowan ne ya sa." Tsohuwar ta buɗe ƙofar mota. "Ke kika ce kin tsaya masa. Ban da sauran magana da ke."

A nan bakin titi Marnie ta buɗe manhajar. Ga shi kuwa. Da a ranar da suka yi iyon ya hau, da ta ce agogon ne ya tura da kansa. Amma sai bayan mako uku aka ɗora, har da take: *Ruwan da ya fi kowane ruwa a yamma, kuma ba wanda ya san shi.* A ƙasa Saskia ta yi rubutu, wata 'yar kulob ɗin tserensu Rowan da ta daɗe tana kai masa keken da ba abin da ya same shi: *Mun je mun gani. Laka ce zalla. Ka ce wa budurwarka ta dawo cikin mutane.*

Ta kira Rowan, bugu ɗaya ya ɗauka.

"Kifina..."

"Da gangan ka yi? Don in rasa ruwa in biyo ka?"

"Wallahi a'a. Dariya suke miki a kulob. Saskia ta ce a kwatamin shanu kike iyo. Na so in rufe musu baki ne."

"Wa ya aike ka? Matar nan ta goya ni, Rowan. Na ce mata na tsaya maka. Ka ɗauki maganata ka kai teburin shan kofi don ka ci gardama?"

"Ban zaci za su je ba. Awa takwas fa."

"Kai ai ka zo."

Ta kashe wayar.

Clarrie bai ce ai ya faɗa ba. Cewa ya yi, "Ni dai ban ce komai ba," har sau uku a wuni ɗaya. Sannan ya wanke tankin ruwan tumaki, ya ɗaura tsohon tiyub na taya a jikin ginshiƙi, ya haɗa da igiya. Kullum da safe Marnie ta ɗaura igiyar a ƙugu, ta yi ta iyo a wuri ɗaya cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara, hannunta na dukan bango. Duk bugun da ta yi, da sunan Rowan take yi.

Mako biyu da faruwar abin, ta fita da keke, ta hango mutum a gefen titi yana jan waya a shingen Noelene. Rowan ne. Bai zo wajenta ba, wajen tsohuwar ya nufa, ita kuma ta ce masa "yi haƙuri" ba ya tayar da karsana, ta miƙa masa abin jan waya, ta nuna masa kilomita shida na shingen da ke bin titi.

Marnie ta wuce shi kamar ta wuce turke. Haka gobe, haka jibi. Da yamma saƙo ya shigo.

*Kifina, ba amsa nake nema ba. Na sauke taswirar. Na rubuta wa kulob abin da na yi da abin da ya jawo, da sunana.*

*Kada ka ƙara kira na da sunan nan.*

Ana yawan cewa in namiji ya sha wahala a kanki, to so ne. Marnie ba ta ga haka ba. Mutumin da ya biya kuɗi don ya yi awa biyar yana gudu a rana, wahala ba baƙuwarsa ba ce, daɗinta ma yake ji in ana kallo. Abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Ta duba shafinsa a mako na huɗu, ba komai. A hannunsa kuma, inda agogo yake zama, sai farin zobe na fatar da rana ba ta taɓa gani ba.

"Gashi ya fara fito masa a ƙafa," in ji Clarrie wata rana, yana shafa wa burodi man shanu. "Waya ta yayyage shi. Noelene ta ce tun ranar farko ya roƙe ta ta buɗe miki, shi ta hana shi har abada."

"Ta buɗe?"

"Noelene? Kin san ta."

Ba ta buɗe ba. Satumba ta zo, Marnie ta tafi gasar ita kaɗai. Ta fito daga teku a baya, ta ci mutane a keke, ta ci wasu a gudu, ta ƙare ta huɗu. Sakan arba'in da ɗaya ne tsakaninta da gurbin.

Tana duƙe tana haki sai ta ga takalmin gona a gabanta. Ta ɗago. Clarrie ne da malafarsa, mutumin da bai taɓa barin tumakinsa kwana ɗaya ba don ya ga tserenta, ga shi lokacin haihuwarsu.

"Baba! Wa ka bar wa gida?"

"Mai santsin ƙafa. Shi ya ce in zo. Ya ce ba ki son ganinsa, amma ya kamata ki ga naki a wurin." Ya share ido da bayan hannu. "Ashe haka kike gudu, 'yata?"

Da suka koma ta sami Rowan a garke, ɗan tunkiya a hammata, kwalbar madara a hannu. Ya rame, ya yi duhu.

"Sakan arba'in da ɗaya," ta ce.

"Na ji."

"Kai ka ci min su."

"Ni ne."

Ta jira ya kawo dalili, don ta tanadi amsar kowane dalili tun a hanya. Bai kawo ba.

"Ba zan koma bakin teku ba, Rowan. Ko da tanki zan ƙare."

"Na bar wa abokina shagon can. Na kama ɗaki kusa da gidan waya. Garin nan ƙaya ta yi masa yawa, ba zan rasa aiki ba."

"Ban yafe ba tukuna."

"Zan jira. Ba ni da agogo yanzu, ba zan san an daɗe ba."

Ta juya don kada ya ga bakinta ya motsa. Sai da ta kai ƙofar garken ta ce, "Ka karkata kwalbar, Agogo. Iska kake ba shi."

Sai da ya jira wata bakwai. An ɗaura auren a Afrilu, a ƙaramin cocin Wilgabar, aka yi walima a rumfar askin tumaki. Clarrie ya miƙe da kofi a hannu, ya ce ya ba da 'yarsa ga mutumin da ya koyi rufe get a makare, amma ya koya. Ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya, da 'ya'ya masu ƙafar uwarsu, aka amsa da amin har da tafi.

Ana cikin yanka kek Noelene ta ratso mutane da sandarta. Tun Yuli ba ta yi wa amarya doguwar magana ba. Ta kama hannunta, ta danƙa mata makulli ɗaya a jikin igiyar ɗaurin ciyawa.

"Ɗaya ne, ba shi da ɗan'uwa. Ke kaɗai."

"Gwaggo..." Hawaye suka hana Marnie ƙarasawa.

"Kada ki ɓata kwalliya. Allah ya yi muku albarka." Ta juya wajen ango. "Kai kuma, kai ka ce in hana ka har abada, na kuwa karɓa. Iyakarka get."

"Na gode, Gwaggo."

Tun daga nan, duk safiyar da Marnie ta shiga dam, za ka ga Rowan zaune a kan turken get na biyu da fulas ɗin shayi da tawul a cinya. In ta fito takan tambaye shi minti nawa ta yi. Yakan ce bai sani ba, ya rufa mata tawul ɗin, ya ja get, ya girgiza sarƙar sau biyu.