Ƙarar da Eladio Ya Janye

"Ki ajiye kular nan ki kalle ni, Yudelka!" in ji mahaifiyarta.

Yudelka ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da danna shinkafa da wake, ta ɗora soyayyen kifi a sama. Yau Lahadi, ranar ziyara a gidan yari, Eladio na can yana jiran ta. An sa ranar aurensu ke nan aka kama shi da babur ɗin da yake acaba da shi, wai na sata aka sayar masa. Har yau ba a kai shi gaban alƙali ba.

"Mama, me kike so in ce masa? Yaya Radames ne fa ya fasa masa kunne da kulki!"

"Aikinsa yake yi! Gandiroba ne, an ce fursunoni sun yi bore..."

"Ruwan sha suka roƙa, Mama."

Sai kawai ta ga mahaifiyarta ta durƙusa a gabanta, ta kama gefen siket ɗinta.

"In ƙarar da Eladio ya shigar kan dukan nan ta ci gaba, korar ɗan'uwanki za a yi, a ɗaure shi cikin mutanen da yake tsaro. Kin san ba zai kwana da rai ba. 'Ya'yansa fa? Yudelka, ni na haife ki... ki ce ya janye."

A filin ziyara ta hango Eladio jingine da bango, ya rame, yana numfashi da ƙyar saboda haƙarƙarinsa. Amma yana ganin ta ya washe baki.

"Sarauniyata! Kifin nan tun daga ƙofa nake jin ƙamshinsa. Hanci dai ba su taɓa shi ba."

Ta yi ƙoƙarin dariya, hawaye suka riga ta. Ta sunkuyar da kai ta faɗi saƙon Mama ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce? Dawo ta wannan gefen, wancan kunnen ya mutu."

Dole ta maimaita da ƙarfi, har matar da ke kusa da su ta juyo.

"Na ce ka janye ƙarar!"

Eladio ya dube ta.

"Kin san me Lauya Peralta ta gaya mini? Muddin ƙarar tana kotu, akwai ido a kaina. Ko yanzu sun hana ni magani, sun zubar mini da abinci, amma ba su ƙara dukana ba. Tsoro suke ji."

"Yaya ya rantse wa Mama, in ka janye babu mai taɓa ka."

"Ke kin yarda?"

Ta kawar da kai.

"In na ƙi fa, za ki aure ni?"

"Zan aure ka, masoyina... amma ba ni da sauran uwa."

Ya kama hannunta ya ɗora a kumatunsa.

"Ba zan raba ki da uwarki ba. Ni na san maraici. Daina kuka, zuba mini abincin."

Ya janye. Lauya Peralta ta kira Yudelka a waya tana faɗa: "Kun san abin da kuka yi kuwa?" Mama kuwa ta kunna kyandir a coci don godiya.

Lahadin da ta biyo baya aka ce mata an ɗauke shi, an mayar da shi wani gidan yari can bakin iyakar Haiti. Ta dawo gida a guje ta sha kwalar Radames.

"Ina alkawarin?"

"Na roƙe su, Yudelka, na rantse! Oga ya ce in aka bar wanda ya taɓa kai ƙara ya zauna lafiya, gobe kowa zai kai..."

Kafin ta samu ranar ziyara a can, waya ta riga ta. Wai ya faɗo daga gadon sama ya mutu.

Radames ya ari motar a-kori-kura ta maƙwabci ya kai ta, wuni guda suna tafiya. A ƙofar gidan yarin wani jami'i ya dube ta sama da ƙasa.

"Ke matarsa ce?"

"An... an sa mana rana."

"Ƙanwarsa?"

"A'a."

"To ba ki da hurumi. Dangi kawai ake ba gawa. In babu, mu binne shi nan."

"Ba shi da kowa sai ni! Don Allah, ranka ya daɗe..."

Mutumin ya juya mata baya. Radames ne ya matso, ya nuna katin aikinsa, nan take aka buɗe masa ƙofa har da gaisuwa.

Shi ya fito da Eladio a kan hannuwansa, naɗe cikin zanen gado, yana tafe yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya shimfiɗa shi a bayan mota. Yudelka ta hau, ta yaye zanen, ta ga fuskar da babu gadon da zai yi mata haka.

"Yudelka... ki dawo gaba, akwai rana."

Ta ɗora kan Eladio a cinyarta, ta kare masa fuska da tafin hannunta.

"Ja motar, gandiroba," ta ce.