Waken da Ya Yanƙwane

"Ina gwangwanayena? Wayyo Allah, ina wakena?"

Siririya ta tsaya gaban tagar kicin, tagar kuwa wayam! Makonni ta yi tana rainon wake a gwangwanaye uku, ɗaya da ruwan famfo, ɗaya da ruwan sabulu, ɗaya da ruwan gishiri, don ta nuna yadda ruwan wanki ke kashe shuka. Yau ce gasar kimiyya, wadda ta ci kuma za a kai ta makarantar kwana kyauta. Marainiya irinta, wace ƙofa gare ta ta fita daga bautar gidan kawunta in ba wannan ba?

Matar Kawu ta leƙo tana taɓe baki. "Ke dalla rufe mana baki! Na zubar. Gidana ne ko gona? Kullum kina wanke-wanke kina surutu ke kaɗai kamar taɓaɓɓiya, wai bitar jawabi. Mtsw! Ki goge tsakar ɗakin nan kafin ki fita."

"Inna, don girman Allah, me na yi miki?"

"Haihuwarki da aka yi!"

Matar Kawu ta yafa mayafi ta fice, Siririya kuwa ta duƙa tana guga, hawaye na ɗiga cikin bokiti. Da ta je zubar da shara, sai ga tsirranta biyu a kwando, na sabulu da na gishiri, an tumɓuke su, sun yi rawaya sun langaɓe. Gwangwanayen fa? Babu su! Ta naɗe tsirran a hankici ta zura a aljihu, ta kama hanyar makaranta da gudu tana faɗin, "Ya Allah, kai kaɗai gare ni..."

Ta iske zauren taro maƙil, ga alƙalai a jere. Wa za ta gani a kan dandamali? Shalele, 'yar Matar Kawu, kayanta sun sha guga, gabanta gwangwanayen nan uku, har da rubutun hannun Siririya a jikinsu! Takaici ya turnuƙe ta. Ashe duk bitar da take yi a bakin famfo, Shalele na laɓe bayan ƙofa tana haddacewa!

Shalele ta gyara murya, ta ɗaga gwangwani. "Kamar yadda kuke gani, wanda ya sha ruwan sabulu ya yanƙwane, ganyensa ya yi rawaya, ya kusa mutuwa..."

Jama'a suka zuba wa gwangwanin ido. Tsiron da ke hannunta kore shar, sai sheƙi yake yi! Ita da uwarta ne suka ga yanƙwanannun sun yi muni, wai za su kunyata ta gaban mutane, suka cire suka dasa masu kyau.

Babbar alƙaliya ta sauke tabarau. "'Yata, wanne ne ya kusa mutuwar? Wannan ai ya fi ni lafiya."

Aka fashe da dariya. Shalele ta dabarbarce, ta koma farkon hadda, ta sake isowa kan "ya yanƙwane", sai ta rushe da kuka. "Wallahi Mama ce ta ce a canza!"

Malamar kimiyya ta miƙe a fusace. "Haba! Wannan aikin ai na Siririya ne. Ina take?"

Siririya ta hau dandamali, ta warware hankici, ta shimfiɗa matattun tsirranta a tebur. Sannan ta yi bayani dalla-dalla, duk tambayar da aka jefo ta amsa. Tafi ya ɓarke! Nan take aka kori Shalele daga gasar, Matar Kawu da ke kujerar gaba ta ja mayafi ta rufe fuska ta sulale, mata na binta da tsaki.

Alƙaliyar ta rungume Siririya. "Share hawayenki, 'yata, kin ci. Makarantar kwana taki ce."

"Alhamdulillahi..." kawai take iya faɗa.

Sai ƙofar zauren ta buɗe da ƙarfi. Wani dogon mutum ya shigo, ƙurar tafiya a takalminsa, fuskarsa sak ta marigayi mahaifinta. Ya ƙare mata kallo, sannan ya juya ga alƙalai.

"Wa ya ce za ta makarantar kwana? Ni ne ƙanin ubanta, na zo ɗaukar ta ne. Ke, wuce mu tafi, mota na jira."