Tukwane Huɗu a Matakalar Baya

Da hantsin ranar hutu aka bugo wa Sufeto waya: an tsinci gawar manajan wani benen shaguna a matakalar baya. Hayaƙi ne ya kashe shi.

Sufeto ya san benen, kuma ya tsane shi. Bara gobara ta ci teloli uku a hawa na uku saboda an ɗaure ƙofar gaggawa da sarƙa. Shi ya yi binciken, manajan ya fito da takardun dubawa masu hatimi, magana ta bi ruwa.

Yau ma sarƙar ce a ƙofar, amma ta waje. Ciki, kusa da gawar, ga tukwanen kashe gobara huɗu, duk an zare musu fil. Sufeto ya ɗaga ɗaya, ya ji ta sakayau.

"Ya gwada su duka, Yallaɓai," in ji Sajan. "Ko ɗigo ba su fitar ba. Ga kuma takardar dubawa ta wannan watan a jikinsu, wai lafiyarsu lau."

Wutar kuwa a cikin durom aka hura ta da tsummokara, an girka shi kan yashi nesa da wayoyin lantarki. An kashe babban makunnin benen, an toshe ƙasan ƙofofin shaguna da jiƙaƙƙun buhuna. Sufeto ya ɓanɓare takardar tukunya ɗaya. A ƙarƙashinta akwai tsohuwar alama da jan fenti, da kwanan wata na shekara biyu baya.

Ya kira maigadi.

"Baba, wa ya shigo yau?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Ina bakin ƙofa tun safe."

"Da kana nan da ka ji ihunsa. Wa ya tashe ka daga wurin?"

Tsohon ya yi ta murza hularsa. Can ya ce, "Mai Tukunya ne, wanda yake cika mana tukwanen kashe gobara a da. Ya bi hawa-hawa yana ƙwanƙwasa kowane shago, ya tabbatar ba kowa. Sannan ya ce in tsallaka titi in tsaya, kamar yadda yake sa mu lokacin atisaye."

Ba su sha wahalar nemansa ba. Yana shagonsa, yana ɗaure bakin wata tukunya, ko gezau bai yi ba.

"Ban je benen nan ba tun da aka kore ni," ya ce.

Sufeto ya ajiye tukunyar a gabansa. "Wannan jan fentin na wa?"

"Nawa ne. Haka nake yi wa wadda ta mutu."

"Ɓarawo ko ɗan daba ba ya kashe lantarki kafin ya kunna wuta. Ba ya jiƙa buhu, ba ya ƙirga mutane ya fitar. Hannunka ne ya tona ka, Malam."

Mai Tukunya ya ajiye sifana a hankali.

"Manajan ya ce in manna sabuwar takarda a kan tukwanen da ba komai cikinsu, na ƙi, ya kore ni. Ƙanwata tana cikin telolin nan. An same ta jikin ƙofar, da irin wannan tukunyar a hannunta." Muryarsa ba ta rawa. "Yau na kira shi na ce hukuma za ta zo dubawa, ya taho da gudu. Ban taɓa jikinsa ba. Ƙofarsa na ba shi, da sarƙarsa, da tukwanensa. Wutar ba ta kai a kira ta wuta ba. Da ɗaya ta yi aiki, da yanzu yana gida."

Sufeto ya so ya ji tausayin manajan, ya laluba zuciyarsa bai samu ba. Amma kisa kisa ne. Ya yi wa Sajan alama, aka sa ankwa.

A bakin mota Mai Tukunya ya juyo. "Yallaɓai, saura ashirin da shida a benen, duk haka suke. Gobe za a buɗe shaguna."

"Ba za a buɗe ba," in ji Sufeto. Ya zaro takardar da ya ɓanɓare, ya ƙura wa hatimin ido. "Sajan, kai shi ofis. Ni zan je in ɗauko wanda ya sa hannu a nan."