Hular Da Ke Bakin Tanki

Rana ta yi ja, an kusa busa jiniyar tashi, sai Yaya ya leƙo rumfar walda. Auta ya riga ya cire safar hannu yana goge baƙin mai da tsumma. Yaya ya ce wani ɗan aiki ne ya taso, bai taka kara ya karya ba: tankin baya ya tsage daga ƙasa, tsagar ba ta fi yatsa ba, kuma gobe da sassafe za a zuba masa mai. Ya shiga ya ɗinke ta, su wuce gida tare.

Yaya wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne foman, wato shugaban ma'aikata, a masana'antar sabulun da suke aiki. Shi ya riƙe Auta bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya koya masa walda, shi ya samo masa aikin. Ko ɗaurin igiya a wajensa ya koya, wani irin ƙulli mai kunne biyu da Yaya yake taƙama duk masana'antar babu mai iya shi sai su.

Duk da haka Auta bai saki jiki ba. Jami'ar kula da lafiyar ma'aikata, wadda suka laƙaba wa Uwar Doka, ta tashi tun ɗazu, kuma kowa ya san dokarta. Ba mai shiga tanki sai fanka tana hura masa iska, da igiya a ƙugunsa, da mutum tsaye a bakin tankin riƙe da ita. Na sama ya ja, na ƙasa ya amsa da ja. Ko rigarsa ce ta kama wuta, mai riƙe igiya ba ya gusawa. Ma'aikata sukan ce ko atishawa za ka yi sai ka nemi izininta.

Da ya ambace ta, Yaya ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa.

"Ni zan riƙe maka igiyar, Auta. Ko Uwar Doka ta fi ni sonka ne?"

Auta ya ɗauki kayan aikinsa.

Tankin baya yana can ƙarshen fili, bayan inda ake jibge gangunan da suka yi tsatsa. Ba a son wurin. Bara waccan wani mai walda da ake kira Mai Fito, saboda bakinsa ba ya rabuwa da fito, ya shiga ciki sai gawarsa aka ciro. Yaya ne ya riƙe masa igiya a ranar. Ya rantse yana tsaye bai motsa ba, haka kawai mutum ya faɗi, babu ciwo babu jini. Aka ce aljanin tankin ne. Maganar ta yi wa kowa sauƙi, har manaja.

Suka hau tsanin ƙarfe zuwa saman tankin. Yaya ya kunna fanka, ta fara gurnani tana tura iska ta cikin wata ƙatuwar tiyo. Ya ɗaura wa Auta igiya a ƙugu, ya ja ya ji ta yi daram. Auta ya yi bismillah, ya kunna fitilar goshinsa, ya zura ƙafa cikin ramin.

Ciki akwai ɗumi. Warin tsohon mai ya cika ko'ina, mai ɗoyi-ɗoyi, yana manne wa maƙogwaro. Bango yana naso. Duk takun da ya yi sai ƙarfen ya mayar masa da shi. Ya kai ƙasa, ya gano tsagar kusa da bututan da ke ɗumama mai, ya durƙusa. Kafin ya sauke gilashin fuska ya ɗaga kai. Can sama, a ɗan da'irar hasken yamma, ga hular kwanon Yaya tana leƙo shi.

Hankalinsa ya kwanta. Ya fara aiki.

Wuta ta yi tartsatsi, hayaƙi ya tashi. Igiya ta ja shi a ƙugu. Ya amsa. Ya ci gaba. Jim kaɗan ta sake ja, ya sake amsawa, har yana murmushi a bayan gilashin: Yaya ya fi Uwar Doka naci yau.

Sai kuma jan ya canza. Ya zama a kai a kai, da ƙarfi, kamar ana tashin mai barci.

Ya tsayar da waldar. Ya ɗaga gilashi.

Shiru.

Bai gane abin da ya ɓace ba sai da ya kalli tiyon. Ta yi laƙwas a jikin bango kamar saɓar maciji. Fanka ta daina. Tun yaushe, bai sani ba. Hayaƙin waldarsa bai fita ba, ya kwanta a kansa yana lilo cikin hasken fitila. Kansa ya yi nauyi. Harshensa ya yi ɗaci.

"Yaya," ya kira. "Yaya, fanka ta mutu."

Muryarsa ta zagaya ta dawo masa. Hular tana nan. Ba ta juya ba, ba ta sunkuyo ba.

Igiya ta sake fizgarsa.

Ya bi ta da fitila. Daga sama ta sauko a sake, tana reto, babu alamar hannu a kanta. Ta taru a ƙasa, ta yi lanƙwasa, lanƙwasar ta shige bayan bututan, inda haske ba ya kaiwa. Daga nan ta miƙe sambal zuwa ƙugunsa.

Ba daga sama ake jan sa ba.

Tun ɗazu, ba Yaya yake amsa wa ba.

Wani sanyi ya taso daga bayan bututan ya ratsa ɗumin, ya taɓa masa idon sawu. Sai fito. A hankali, siriri, irin wanda Mai Fito yake yi in yana wasa ƙarfe. Auta ya so ya yi addu'a, leɓɓansa suka ƙi haɗuwa.

Fiton ya tsaya.

"Mai Fito ne ya koya mini," wata murya ta raɗa. Ba ta fito daga wuri ɗaya ba, daga bangon gaba ɗaya ta fito. "Ina son fitonsa. Ban taɓa shi ba."

Auta ya kife a ƙasa.

"Na ja masa igiya. Bai gane ba. Na ja, na ja, har ya kwanta." Numfashi mai sanyi ya bi ta bayan kunnensa. "Aka ce ni ne."

Duhu ya fara cin gefen idanunsa.

"Tashi. Ba za a ɗora mini na biyu ba."

Ya rarrafa. Ya laluba. Hannunsa ya sami tsani.

Ya hau ɗaya. Ya hau na gaba. Ƙirjinsa yana jan iska, babu abin da yake shiga. Yatsunsa suka fara zamewa a kan maiƙo.

Ya saki.

Bai faɗi ba.

Wani abu ya tare tafin takalminsa. Hannu ne, mai faɗi, mai sanyi har cikin ƙashi, yatsunsa sun zagaye takalmin sun yi saura. Ya tura shi sama. Ya sake turawa.

Auta bai kalli ƙasa ba.

Kansa ya fito ta ramin, ya bugi hular. Ta gangara, ta faɗa cikin tankin tana ƙara. Babu kowa a ƙarƙashinta. An ɗora ta ne a kan ƙarfen bakin ramin, an karkata ta yadda na ƙasa zai ga kamar mutum ne yake leƙe.

Ya kwanta rub da ciki yana haki, yana amai. Da idonsa ya washe ya ga igiyarsa ɗaure a jikin ƙarfen dafawa. Ƙulli mai kunne biyu. Wayar fanka kuma an zare ta daga soket, an jona famfon da ke juye mai a wata motar tanka can bakin ƙofa, inda Yaya yake tsaye da manaja suna dariya.

Da Yaya ya hango shi ya sheƙo a guje, ya hau tsani yana salati, ya rungume shi. Leburori suka taru a ƙasa. Sai Yaya ya juya gare su ya ce ya rantse yanzun nan ya sauka, bai daɗe ba, aljanin tankin nan ne ya sake taɓa mutum.

Daga cikin tankin hular ta taso. Ta faɗo a gaban Yaya, tim, tana naso da mai.

Leburori suka kalli hular, suka kalli Yaya.

Washegari Auta ya je ofishin Uwar Doka ya faɗa mata komai, ban da muryar da hannun. Ta saurara ba ta katse shi ba, sannan ta sa aka sake buɗe maganar Mai Fito. Aka sallami Yaya. A gida Inna ta yi kuka ta ce ya tona wa ɗan'uwansa asiri, matar Yaya ta daina amsa gaisuwarsa, yaran Yaya da suke rugowa suna kiransa Baba Ƙarami aka hana su zuwa ɗakinsa. Yaya ya aiko a ce masa ai bai yi nufin sharri ba, ya san Auta gwani ne, zai gama kafin hayaƙi ya taru. Auta ya sallami ɗan aiken. Ya dai daina yin ƙulli mai kunne biyu.

Yanzu shi ne mai riƙe wa mutane igiya. Ko manaja ne ya kira shi, sai dai ya zo ya same shi. Wani lokacin da yamma, bayan na ciki ya fito, yana naɗe igiya daga tankin baya, yakan ji an ɗan ja ta daga ƙasa.

Yakan amsa.