Kambin Cocin Kodimar

Ranar Lahadi da safe, saura kwata a buga ƙararrawar sujada ta biyu, Ligoury mai kula da cocin Kodimar ya buɗe akwatin gilashin da mutum-mutumin Maryamu yake ciki don ya sauya furanni. Ya ɗaga zaren farin furen yasmin da aka naɗa mata a ka. Babu kambin zinariya a ƙarƙashi.

Kafin Fada Valerian ya gama wa'azi, labari ya kai bencin ƙarshe. Sufeto Precilla Rasquinha tana benci na biyu kusa da mahaifinta, Cyprian, inda gidansu ke zama shekara ashirin. Su suka ba coci kambin. Awarwaron zinariya shida na marigayiya mahaifiyarta aka bayar a narkar, don godiya, a shekarar da Precilla ta samu aikin 'yan sanda. Sunan gidansu ma yana rubuce a bango.

Tsohon ya sunkuyar da kai, carbi a hannunsa. Ta dafa shi.

"Kada ka damu, Baba. Kafin idi zan dawo da shi."

Da aka watse, ta sa aka rufe ƙofar gefe ta duba wurin. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle kwaɗo ba. Sarƙar zinariya tana wuyan mutum-mutumin, zobban da masu wa'adi suka rataya suna nan cif. A farantin kyandir kuwa an ajiye wani ɗan ƙaramin sukuru, a tsaye, kamar mai shi zai dawo.

"Makulli nawa ne, Fada?"

"Biyu. Nawa da na Ligoury. Jiya ina taro a gidan Bishop tun safe, nawa yana cikin aljihun teburina." Ya share gumi. "Abin haushin, gobe maƙerin zinariya zai zo ya wanke shi saboda idi. Ni na sanar a nan makon jiya."

Ta juya ga Ligoury, ɗan siririn dattijo mai makullai a ƙugu, ta kira shi da laƙabin girmamawa irin na garin.

"Ligoury-mam, ina kake jiya da rana?"

"Garin Udupi, wajen baikon jikata. Ƙarfe sha biyu na bar nan, kambi na kanta. Na dawo an fara addu'ar yamma, babu wuta, na hango fure a kanta na ce wata ce ta yi wa'adi."

"Wa ya gan ka a Udupi?"

"Mutum sittin da mai hoto. Har rawa na taka, matata ba ta yi mini magana ba har yanzu."

"Wannan sukurun fa?"

Ya kawo shi kusa da ido. "Na mene ne?"

"Shi ke riƙe kambin ta baya, a ƙarƙashin mayafi."

"Au, ashe cire shi ake yi? Shekara goma sha ɗaya a kanta nake goge shi."

Ta buga waya Udupi. Maganarsa gaskiya ce. Saura makullin Fada, kuma mutum ɗaya ke shiga ɗakin Fada idan ba ya nan: Apoline mai shara.

Matan ƙungiyar addu'a sun riga ta kaiwa ga wannan zargin. Suna tsaye a gindin mangwaron harabar coci, laima a hammata.

"Ni tun da na gan ta da sabon zanen sari na ce akwai magana."

"Sarin da ke kika ba ta kwance?"

"To, ai ban ce wannan ba."

Apoline gwauruwa ce, ta haura sittin, gidanta ɗaki ɗaya ne a bayan maƙabarta. Precilla ba ta ja ta gefe ba. A kan matakalar coci ta tsayar da ita, mutane na kallo.

"Apoline-bai, ƙarfe nawa kika share ɗakin Fada?"

"Ɗaya."

"Kin taɓa teburinsa?"

"Na goge samansa."

"Coci fa?"

"Daga biyu zuwa uku. Daga nan na koma wanke harabar baya."

"Kin ga wani baƙo?"

"Ban ga baƙo ba."

"Ki tuna da kyau. Abin nan ba na wasa ba ne."

"Na ce ban ga baƙo ba, Preci."

"Sufeto," in ji Precilla.

Tsohuwar ta dube ta daga sama har ƙasa.

Da la'asar Precilla ta je gidan da kurtu guda. Suka ɗaga tabarma, suka zazzage akwatin tufafi, kurtun ya cusa hannu har gwiwa a tulun shinkafa. Maƙwabta sun cika bakin hanya. Apoline na tsaye riƙe da ƙyauren ƙofa. Ba a samu komai ba sai hoton mijinta da katin asibiti.

Washegari bayan sujadar safe Precilla ta koma coci. Abu biyu sun hana ta sakat. Wane irin ɓarawo ne zai bar sarƙar da fizga ɗaya za ta fita, ya tsaya kwance sukuru? Wane iri ne kuma zai rufe kan da fure? Ta hau kujera ta ɗaga farin mayafin. Daidai inda kambin ke zama akwai wani zagayayyen tabo, kore.

"Danshin damina ne," in ji Ligoury daga ƙasa. "Duk shekara sai na goge abin da ya leƙo daga ƙarƙashin kambin, ya dawo."

Ta ɗaga sarƙar wuyan. Ƙarƙashinta fari tas.

Ana cikin haka maƙerin ya iso da 'yar jakarsa, don babu wanda ya tuna ya gaya masa kada ya zo. Ta miƙa masa mayafin. Ya kankare tabon da farce, ya shinshina.

"Me ya zauna a nan?"

"Kambin zinariya."

"A'a, ranki ya daɗe. Zinariya ba ta yin haka ko shekara ɗari ta yi. Tagulla ce aka yi wa ruwan zinariya, ruwan ya cinye ta ciki."

Precilla ta sauko a hankali. Ta tambayi Ligoury wa ya yi akwatin gilashin.

"Na ji an ce babanki ya sa aka yi, tare da kambin."

Ta duba kwaɗon. Irin wanda ake sayarwa da makulli uku ne.

Apoline ta zo aiki kamar kullum, tana share ganye a bayan coci. Precilla ta tsaya nesa kaɗan.

"Apoline-bai, ranar Asabar wa kika gani a coci?"

Tsintsiyar ba ta tsaya ba. "Babanki. Kamar kowace Asabar. Ina fita yana durƙushe, da jakar furensa."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Baƙo kika tambaye ni, Sufeto."

Rana ta take lokacin da ta isa gida. Cyprian na zaune a baranda yana ƙulla yasmin da zaren ayaba, sana'ar da ya kama tun da ya bar aikin kwandasta. Ta cire hularta ta zauna a dakali, ba ta shiga ciki ba.

"Baba, ina makulli na uku?"

Yatsunsa suka tsaya.

"Bari in gaya maka abin da na gani, ka gyara mini inda na yi kuskure. Wanda ya ɗauka ba zinariya yake so ba, ya bar sarƙa da zobba. Ya san sukurun da Ligoury bai sani ba, wato yana nan ranar da aka ɗaura kambin. Yana da makullin da Fada bai san da shi ba. Bai iya barin kan Uwar a buɗe ba, ya naɗa mata fure, irin ƙullin nan na hannunka. Kuma ya ɗauka saura kwana biyu maƙeri ya zo, domin maƙeri kallo ɗaya zai yi ya gane tagulla ce. Mutum ɗaya ne a Kodimar ya san tagulla ce."

Kaza ta ratsa tsakaninsu tana tsattsagar ƙasa. Tsohon ya ajiye zaren.

"Kambin yana cikin akwatin uwarki. Na naɗe shi da jan sarinta na aure."

"Awarwaron fa?"

"Ki bar wannan, 'yata."

"Caca ce? Giya? Mace?"

"Preci!"

"To, faɗa mini. Mama ta mutu tana cewa hannunta babu komai amma kan Maryamu a cike yake. Ina suka tafi?"

Ya daɗe yana kallon furannin da ke cinyarsa.

"Kin ci jarrabawar. Wannan da kanki kika ci, ba wanda ya taimake ki. Amma wani mutum ya same ni a tashar bas, ya ce sunanki na ƙasan takarda, kuma 'ya'yan masu hali suna jira. Ya ce in ban motsa ba za a goge. Ba ni da gona, ba ni da kowa. Uwarki ta riga ta ba ni awarwaron ta ce in kika samu aiki na Maryamu ne. Na kai masa. Sunanki ya fito. Sai na je wani gari mai nisa na sa aka ƙera wancan."

"Kuma ka tsaya aka tafa maka."

"Na tsaya. Bishop ya sa mini albarka. Aka rubuta sunana a bango. Kowace Asabar nakan je in durƙusa in ce mata, Uwa, kin san abin da ke kanki. Sau uku na shiga wurin furta zunubi da niyyar faɗa, in fito da zancen zagin direba."

Precilla ta kalli hular da ke kan gwiwarta. Shekara ashirin ana kiran ta wadda ba a saya. Ta taɓa mayar wa wani mai jirgin kamun kifi kwandon kifinsa har gida, ta yi masa wa'azi a gaban matarsa. Ta ji kakin ya yi mata nauyi.

"Jiya kana ina lokacin da nake zazzage ɗakin Apoline?"

"Ina nan."

"Ka ji?"

"Na ji." Ya kawar da kai. "Na sa takalmi sau biyu. Na kasa wuce ƙofar nan."

Ta so ta yi masa tsawa, sai ta tuna ita ce ta tsayar da matar a kan matakala. Shi bai sa ta ba.

"Tashi ka ɗauko shi."

"Ki kai ni ofishinku. Gara can da coci."

"Fada ne zai ce ko yana ƙara. Amma yau da yamma za ka tsaya ka faɗa, a inda aka tafa maka."

"Har da zancen aikinki?"

Ta ɗauki hularta. "Har da shi."

Da yamma cocin ya cika saboda addu'ar kwana tara ta kafin idi. Bayan karatu Fada Valerian ya ce akwai mai magana. Cyprian ya fito da ƙunshin jan sari, ya kwance shi a gaban bagade. Bai iya amfani da lasifika ba, amma kowa ya ji, don ko tari babu mai yi. Ya faɗi komai: tagullar, mutumin tashar bas, makullin, ranar Asabar. Da ya ambaci sunan 'yarsa, kawuna suka juya. Precilla ba ta benci na biyu. Tana tsaye a baya kusa da ƙofa cikin sari marar ado, ba ta sauke idonta ba.

Fada ya ce coci ba ta ƙarar kowa. Ya ce akwai wadda aka zalunta, kuma ba mutum ɗaya ya zalunce ta ba. Matan ƙungiyar addu'a suka duƙufa kallon littattafan waƙarsu.

Apoline ba ta zo ba. Precilla da mahaifinta suka same ta a ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Cyprian ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, da ƙyar, yana dafa bango.

"Tashi, Cyprian-bab, gwiwarka ba ta da lafiya," in ji ta. "Kai tsoro ya kama ka. Na san tsoro."

Sai ta dubi Precilla.

"Ke kuma me ya kama ki?"

"Ba ni da abin cewa, Apoline-bai. Ki yafe mini."

"Ranar da uwarki ta mutu kina wajen aiki, ba ki iso ba sai washegari. Ni na wanke ta. Ni na taje mata kai." Ta miƙa hannuwanta biyu, garin shinkafa a jiki. "Da waɗannan. Su kika sa mutane suka tsaya kallo."

Precilla ta sunkuyar da kai.

"Zan yafe," in ji tsohuwar, ta koma kan farantinta. "Amma ba yau ba."

Precilla ta ɗaga mahaifinta, ta raka shi har gida, ta ɗora masa ruwan shayi. Da safe ta sa kaki ta tafi ofis. Ta rubuta rahoton rufe bincike, shafi ɗaya. Sannan ta jawo wata farar takarda, ta sa sunan shugabanta a sama, ta fara rubuta yadda aka yi sunanta ya fito shekara ashirin da suka wuce.