Halwar Ranar Alhamis

"Fim ɗin da ban sa wa hannu ba," in ji Nazakat, "ba ya kwana uku a silima."

Haka yake faɗa kullum a teburin mai shayi, yana kaɗa ƙafa a kan benci, don ƙafar ba ta kai ƙasa. Gajere ne, siriri, ga gashin baki da yake murzawa kamar na jarumi. Shekara sha tara yana fita da sassafe zuwa sitidiyo a hanyar Multan, shekara sha tara yana gaya mana cewa shi ne hannun daman darakta. Mun je silima mun zauna har sunaye suka gama wucewa, mun ga na mai kyamara, na mai kwalliya, har na mai dawakai, ba mu ga Nazakat ba. Ya ce hassada ce. Muka ce to.

Abin da ya rufe mana baki shi ne halwa, alawar nan da ake tuƙawa da man shanu da sukari. Wata bakwai ke nan duk ranar Alhamis sai ya shigo lungunmu da faranti a lulluɓe, ƙamshin man shanu yana bin sa. Yakan tsaya a tsakiyar lungu ya ɗaga murfin kaɗan.

"Jaruma ce ta aiko. Na hana ta, ba ta ji."

Matarsa Shamshad ba ta taɓa sa halwar a baki ba. 'Yarsu Rukhsana, mai shekara sha shida, ita ke side farantin.

Alhamis ɗin da abin ya fara ba ta bambanta da sauran ba. Rana ta sauka bayan rufin gidaje, masu tantabaru sun gama kiran tsuntsayensu, hayaƙin murhu ya kwanta a lungu bai tashi ba. Shamshad tana gasa gurasar roti a tsakar gida. Ladan ya ja kiran magariba ya sauke. Rukhsana ta jawo farantin gabanta, ta cire murfi, ta kai loma ɗaya.

Sai dutse ya faɗo.

Bai zo kamar jifa ba. A hankali ya sauko, kamar wanda ake zurowa da zare, ya zauna a gefen farantin ba tare da ƙara ba. Shamshad ta ɗauka ta yar da sauri, don da zafinsa. Na biyu ya sauko, na uku ya bi shi. Suka ɗaga kai, sama wayam, ko tsuntsu babu.

Ni aka fara zargi, kuma ban ga laifinsu ba, tunda ni na taɓa ɗaure wa akuyar liman ƙararrawa a wutsiya. Amma rannan Allah ya rufa min asiri, ina sahun gaba a masallaci, mutum goma sun gan ni.

Kashegari da almuru duwatsun suka dawo, suka zo da murya. Daga saman katakon rufi take fitowa, muryar tsoho, a shaƙe, ba ta gaggawa.

"A yi shiru."

Gidan ya yi tsit. Ƙwan lantarkin tsakar gida, wanda da ƙyar yake haska bakin famfo, ya fara ƙara haske, ya yi ta ƙarawa har inuwar kowa ta maƙale a ƙarƙashin ƙafarsa. Rukhsana ta tashi daga gadon igiya. Ta ɗauko allin makarantarta, ta zana gicciye a ƙasa daidai ƙarƙashin ƙwan, ta hau kai ta tsaya. Ta ɗaga haɓa, ta karkata fuska wajen hasken, ta ɗora hannu a ƙugu.

Ba ta sake motsi ba.

Uwar ta kira ta, ta girgiza ta. Maza biyu suka gwada ɗaga ta, kamar an dasa ta. Idonta a buɗe, hawaye na zuba saboda zafin hasken, amma ba ta ƙiftawa sai jefi-jefi. Kwana ɗaya, kwana biyu. Ruwa kawai take haɗiya in an ɗiga mata da cokali. A rana ta uku ƙafafunta suka kumbura har fatar tana ƙyalli.

Shi kuwa Nazakat, tun da ya ga gicciyen nan fuskarsa ta koma kamar toka. Ya san abin da ya gani. Amma da maƙwabta suka tambaye shi sai ya murza gashin baki ya ce, "Aikin maƙiya ne. Mutum in ya yi suna a harkar nan, sai haƙuri." Yarinya tana tsaye tana narkewa a gabansa, shi sunansa yake gadi.

Shamshad ce ta yafa mayafi ta je ta ɗauko Hafiz Karamat, tsohon da ke karantarwa a bayan kasuwar hatsi. Ya iso bayan la'asar ranar Litinin, yana dogara sanda, ba jaka ba hayaƙi, sai casbi da kofin ruwa. Kafin ya zauna lungu ya cika. Mata a kan rufi, maza a bakin ƙofa, mai shayi ma ya rufe tukunya ya taho.

Hafiz ya shimfiɗa tabarma a gaban yarinyar ya fara karatu, ƙasa-ƙasa. Rana ta yi ja, ta yi duhu. Ƙwan ya kunna kansa. Ya daɗe yana karatu, har muka fara jin numfashin juna, sannan bakin Rukhsana ya buɗe, muryar tsohon nan ta fito.

"Ya isa, Hafiz Sahib. Ni ma musulmi ne. Kana ƙona ni a banza."

Wata mata a kan rufi ta ja ɗanta ta rungume.

"Salamu alaikum, in musulmi ne kai," in ji Hafiz. "Daga ina?"

"Daga katakon rufin ɗaki na huɗu a sitidiyo. Ina can tun ba a raba ƙasar nan gida biyu ba."

"Me yarinya ta yi maka?"

"Ta ci abincina."

Hafiz ya juya ya dubi Nazakat, wanda ya raɓe a jikin bango. Muryar ta ci gaba, ba ta ɗaga ba.

"Da masu fim suka zo suka gina ɗakinsu a kan wurina, mun yi sharaɗi. Su yi ihunsu, su kunna fitilunsu, su yi ruwan samansu na ƙarya. Amma ranar Alhamis da magariba a kashe fitila, a ajiye min faranti a ƙarƙashin tsani, kowa ya fita. Ni kuma in riƙe musu fitilun kada su faɗo a kan kowa. Shekara talatin Chacha Fazlu mai shara yana kawo min, da alwalarsa. Ya rasu. Aka duba wanda ba shi da abin yi, aka ba wancan."

"Ƙarya ne," in ji Nazakat. "Hafiz Sahib, ka san aljanu da ƙarya. Jaruma ce take..."

Dariyar da ta fito daga bakin yarinyar ba ta da daɗin ji. Gajeriya ce, busasshiya.

"Jaruma. Shekara shida kana cikin fim ɗinta, har yau 'kai' take ce maka. Da yunwa ce kawai, Hafiz Sahib, da na haƙura, mu ba mu cika ci ba. Amma ya ɗauki rabona yana yawo da shi a lungu, wai tukuicin soyayya. Abin da ya fito da ni ke nan."

Shamshad ta dubi mijinta.

"To an yi maka laifi," in ji Hafiz. "Amma ka san ba a kama wani da laifin wani. Za a mayar maka da farantinka, kowace Alhamis, ni zan tsaya a kai. Saki yarinya."

"Gicciyen nan ba a barinsa ba kowa. Haka dokar ɗakinmu take, in an kunna fitila dole wani ya tsaya a kai. In ta sauka, mai shi ya hau."

"Wane ne mai shi?"

"Tambaye shi aikinsa."

Hafiz ya tambaye shi. Nazakat ya ce shi mataimakin darakta ne.

"Darakta," in ji muryar, kamar mai tofar da ƙashin kifi. "Na ga darakta goma sha ɗaya. Aikinsu zagi da tauna ganye. Yana da mataimaka uku, ɗaya na riƙe takarda, ɗaya na buga katako, ɗaya na karɓar mari. Kana cikinsu?"

Muryar ta zarce da lissafi.

"Akwai mai kuɗi, wanda ke zuwa ranar farko da murmushi, ranar ƙarshe da hawan jini. Akwai mai kyamara, yana ganin duniya da ido ɗaya yana jin shi sarki ne. Akwai masu fitila da ke hawa sama wajena ba takalmi, su kaɗai nake jin tausayi. Mai kwalliya yana mayar da 'yar arba'in 'yar sha takwas. Mai koyar da rawa, mai ɗinki, mai faɗowa daga doki a madadin jarumi ya karye a ba jarumi tafi. Har mai kaɗa garwa a yi tsawa yana da sunan aikinsa. Kai fa, Nazakat? Faɗa musu."

Ƙafafun Rukhsana suka fara karkarwa. Daga gwiwa zuwa ƙasa rawa suke, amma daga ƙugu zuwa sama tana nan a sandare, haɓa a sama. Wani siririn jini ya fito daga inda fatar dunduniyarta ta tsage.

"Nazakat," in ji Hafiz a hankali, "'yarka ce."

Ya buɗe baki, ya dubi ƙofa, ya ga mai shayi, ya gan ni, ya ga duk waɗanda ya shekara sha tara yana yi wa huɗuba. Ya rufe bakin. Wallahi ya rufe.

"To zai tsaya kwana bakwai," in ji muryar, "kamar yadda..."

"Ba kwana bakwai," in ji Hafiz, ya buga sanda a ƙasa. "Ba ka zo gidan mutane ka kafa mulki ba. Zai hau, ka fita, kuma ka rantse da alƙawarin da kakanninka suka yi wa Annabi Sulaimanu ba za ka sake taka gidan nan ba."

Ƙwan ya yi ƙasa, ya dawo.

"Na rantse. Amma da kayan aikinsa zai hau. Ba ya hawa kai a buɗe."

Ba wanda ya gane, sai Shamshad. Ina jin ta daɗe tana wanke rigunansa tana tsintar ƙyalƙyali a wuyansu. Ta zare jan mayafinta daga kai, a gaban maza, ta dunƙule ta jefa masa a ƙirji.

"Ungo, hannun daman darakta. Hau."

Ya tako kamar mai zuwa kabari. Ya tsaya a gefen 'yarsa, ya warware mayafin. Abin da ya kashe shi shi ne hannunsa ya riga shi: ya wurga mayafin a ka, ya zagayo da gefe ɗaya ta kafaɗa, ya saki ɗayan ya zubo, cikin ƙiftawar ido, yadda ko amarya ba ta iya ba.

"Tsayinsu ɗaya da jaruma," in ji muryar, yanzu da nishaɗi. "Ita tana ɗaki a gaban fanka tana shan lemo. Shi yana nan a kan alli, awa biyu, awa uku, ana gwada fitila a fuskarsa. In haske ya daidaita sai a ce, 'Kai, kauce.' Shekara sha tara, jaruma huɗu. Ko inuwarsa ba ta taɓa shiga fim ba."

Nazakat ya sa ƙafa a kan gicciyen.

Rukhsana ta yi atishawa sau uku. Wata iska mai ɗumi ta bi ta tsakaninmu ta fita ta ƙofa, tantabarun maƙwabta suka kaɗa fiffike a cikin akurkinsu. Yarinyar ta sulale, uwarta ta tare ta, mata suka sauko da ruwa da man shafawa. Hafiz ya tofa a kofi ya ba ta, ya tattara tabarmarsa.

Sai da hankali ya kwanta muka tuna da Nazakat. Yana nan a kan alli. Ba aljani a jikinsa, ba wanda ya riƙe shi, amma haɓarsa ta ɗaga da kanta, fuskar ta karkata wajen ƙwan, hannu ya hau ƙugu. Jira yake a ce masa ya kauce, kuma duk lungun ba wanda ya yi niyyar faɗa.

Rukhsana ta buɗe ido a cinyar uwarta. Ta daɗe tana kallon mai jan mayafin nan da ke tsaye a tsakiyar gidansu, ga gashin baki yana leƙowa.

"Ammi," ta ce da 'yar muryarta, "wace ce wannan?"