Abin da Kofur Badaru Ya Ɓoye wa Likitoci

Zinnira tana tsugune a bakin rijiya tana wanke zanin gado na biyu tun safe. Ba ta sauri, ba ta kuma nawa, hannunta ne kawai yake aiki. Wata goma sha huɗu ke nan da aka dawo mata da mijinta, Kofur Badaruddeen, gida Gammo, bayan motarsu ta taka nakiya a wata hanya a Borno. A cikin watannin nan ta koyi yin komai ba tare da ta ji komai a ranta ba.

Badaru yana kan kujerar roba a inuwar darbejiya, sandarsa jingine da bango. Duk wanda ya gan shi a zaune zai rantse ƙalau yake, dogo ne mai faɗin kafaɗa. Ɓarɓashin ƙarfen da ya shige masa gadon baya ne ido ba ya gani. Ƙafar hagu ta mutu rabi, fitsari kuma ba ya jin fitowarsa, sai da robar fitsari da leda ɗaure a cinya a ƙarƙashin wando. Duk faɗin Gammo mutum biyu ne suka san da ledar nan, shi da matarsa, don sai da ya sa ta yi masa alkawarin ko mahaifiyarta ba za ta ji ba.

"Kofur, shayinka ya huce."

"Na gani."

"In ɗumama maka?"

"Bar shi."

Wai hirar masoya ke nan! Mutanen da a da suke ƙarar da katin waya tsakanin Gwarzo da bariki, har Inna Altine, mahaifiyar Zinnira, ta riƙa ƙwace wayar tana ɓoyewa a cikin kwalla.

Da aka sallame shi daga aiki an ba shi katin inshorar lafiya, amma katin ba komai yake ɗauka ba. Yau a ce robar ta ƙare, gobe a ce allurar jijiya ba ta cikin tsari, a sayo a waje. Kwanukan jeren Zinnira suka fara bin hanya, sai firij, sai tunkiyar da kakarta ta ba ta. Abu ɗaya ya rage musu suna jira: sakamakon bod, wato kwamitin likitocin soja da ke auna nakasar mutum kashi nawa ce cikin ɗari, a yanka masa alawus daidai da ita. Wata biyu da suka wuce Badaru ya zauna a gabansu.

Sallama suka ji daga zaure, muryar Malam Abdulmumini, mahaifin Zinnira. Tsohon akawu ne a Gwarzo, mutumin kirki, sai dai a wurinsa takarda mai hatimi ta fi shaidu goma. Kafin ya ƙaraso tsakar gida Badaru ya sulale daga kujera ya tsuguna, kai a ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da damina. Sannan dattijon ya zaro ambulan daga aljihu.

"Ga sakamakonku na karɓo. Kashi goma cikin ɗari! Likita uku, sa hannu uku, ga hatimi. Sun ce yana tafiya da ƙafarsa, babu wata lalura ta ciki. Ba kuma labari aka ba ni ba, ina zaune a wurin, da kunnena na ji shi ya ce lafiya lau."

Ya juya ga Badaru.

"Badaruddeen, na ba ka 'yata don na ga kai namiji ne. Rauni ka ji, mun yi jinya, mun yi haƙuri. To amma mutumin da likitoci suka ce ya warke, ya share shekara a kan kujera matarsa tana sayar da kayan ɗaki, wannan kuma ba ciwo ba ne, mutuwar zuciya ce. Dubi wuyan yarinyar nan! Ranar Asabar ina son ganinku a Gwarzo. In ba za ka tashi ka riƙe ta ba, ka ba ni takardarta."

"To, Baba," in ji Badaru.

Bayan ƙarar babur ɗin dattijon ta ɓace, Zinnira ta kama mijinta ta mayar da shi kan kujera. Ta daɗe tana kallon ambulan ɗin.

"Kofur, me ka gaya wa likitocin nan ranar bod?"

"Baba yana zaune, Zinnira."

Bari in faɗa muku abin da ya faru, tunda shi ko za a yanka shi ba zai ƙara kalma ba. Ranar bod, nas ta ce mutum ɗaya ne zai shiga da mara lafiya. Malam Abdulmumini, da kyakkyawar niyya, ya ce shi ya san yaren ofis, shi zai shiga, aka bar Zinnira a kan benci. To Badaru ɗan gidan makiyaya ne, inda yaro ke tashi da sanin cewa a gaban suruki ba a cin abinci, ba a miƙe ƙafa, balle a ce wash. Aka ce ya taka, ya ajiye sanda ya cije ya yi taku goma. Aka ce ya cire riga da wando a duba shi, ya ce ai babu buƙata, ya samu sauƙi. Likita mace ta tambaye shi, har sau biyu, ko yana iya riƙe fitsari. Ya saci kallon hular surukinsa, ya ce lafiya lau. Su kuwa likitoci abin da aka gaya musu suka rubuta. Ni dai har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, ban kuma san wa zan ba laifi ba.

"Ka bar ni in gaya wa Inna," in ji Zinnira. "Ita ta san yadda za ta sanar da shi."

"Kin yi mini alkawari."

"To aurena fa? Alkawarin ya fi aurena?"

"Ki koma gida. Wallahi ya fi miki. Me kike samu a nan ban da wanki?"

Ta so ta ji haushi, ta laluba a ranta ba ta samu ba. Ta koma bakin rijiya ta matse zanin ta shanya.

Ranar Asabar suka hau motar haya. Hanyar ta sha ruwan sama, tafiyar ta ja, suka isa Gwarzo bayan azahar. A ƙofar gida Zinnira ta rage murya.

"Ledar nan ta kusa cika. Ka fara shiga ka zubar."

"A gidan Baba? In yi sallama in tambayi makewayi?"

"Kofur, don Allah..."

Bai saurare ta ba. Ya bar sandarsa a waje, ya shiga zaure ya tsuguna a gefen tabarma. Ita kuma ta wuce ciki, ta gaida Inna Altine, ta dawo ta tsaya a bayan ƙofar zauren.

Malam Abdulmumini ya ɗauko magana tun daga ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa. Ya yi nasiha a kan haƙƙin mace, ya kawo misalin wane da ya rasa hannu amma yana sayar da goro a tasha. Sau ɗaya ya ce, "Ka zauna mana." Badaru ya ce, "Nan ma ya yi, Baba." Minti arba'in yana tsugune a kan ƙafar da ba ta iya ɗaukarsa, gumi yana bin gemunsa. Daga ƙarshe dattijon ya ajiye farar takarda da biro a gabansa.

"Zaɓi biyu ne. Ko ka yi mini alkawarin ranar Litinin za ka fita nema, ko ka matso ka rubuta."

Badaru ya dubi biron. Alkawarin da ya san ba zai iya cikawa ba ƙarya ne, shi kuwa ya gaji da ƙarya. Ya yunƙura zai matsa. Ƙafar ta ƙi, ya tafi gefe ɗaya ya zube, robar ta zame daga mahaɗinta. Nan take lema ta bi wandonsa ta malala a kan tabarmar surukinsa.

Zinnira ba ta san lokacin da ta banko ƙofa ba. Ta cire mayafinta ta rufa masa daga ƙugu zuwa ƙafa, ta durƙusa ta tallabo kansa a gaban mahaifinta, abin da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba. Badaru ya rufe ido. Jikinsa ko motsi ba ya yi.

"Mene ne wannan?" in ji Malam Abdulmumini. "Zinnira, mene ne wannan?"

"Na yi alkawari ba zan faɗa ba, Baba, ban kuwa faɗa ba. Idonka ne ya gani." Muryarta a kwance take, kamar mai karanta wasiƙar wani. "Tun ranar da aka kawo shi haka yake. Ba ya jin fitowarsa. Robar da ake canza masa ce ta cinye kayan ɗakina, ba zaman banza ba. In ya yi taku goma sai ya kwana biyu bai runtsa ba. Ni ban ce na gaji ba. In an rubuta takardar nan, wa zai wanke masa?"

Dattijon ya dubi tabarmar, ya dubi surukinsa.

"Badaruddeen, likitar nan ta tambaye ka. Har sau biyu ta tambaye ka!"

Badaru ya ce, "Kana zaune, Baba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe ni ne! Ni na toshe maka baki, na dawo ina zagin ka da abin da na jawo!"

Ya ɗauki farar takardar ya dunƙule ya cusa a aljihu. Ya miƙe ya rufe ƙofar waje don kada wani ya faɗo, ya shiga ciki da kansa ya ɗebo ruwa a bokiti, ya ɗauko sabon wandonsa na Juma'a ya ajiye a bakin ƙofa. Sannan ya juya musu baya ya fita. Inna Altine ta ce ta same shi a bayan rumbu yana share ido da hannun riga, shekara talatin suna tare ba ta taɓa ganin haka ba.

Tun daga Litinin ɗin akawuncin Malam Abdulmumini ya sami aikin yi. Shi ya rubuta takardar neman a sake zama, ya bayyana dalili bai ɓoye nasa kuskuren ba. Aka ce a kawo rahoton asibitin da aka fara kwantar da Kofur, ya nemo. Aka ce fom ɗin ya tsufa, ya cike sabo. Sau shida yana zuwa birni, wani zuwan a ce oga ya yi tafiya, wani a ce fayil ɗin yana wani tebur. Robar kuwa ya ce daga yau a wuyansa take, ya sayar da ɗan maraƙinsa bai yi shawara da kowa ba. Zinnira ta ci gaba da wankinta a Gammo, wata ɗaya, wata uku, wata bakwai, ba ta sa rai ba, ba ta kuma cire ba.

Ranar zama na biyu nas ta leƙo ta ce, "Mutum ɗaya zai shigo da shi."

Malam Abdulmumini ya gyara zama a kan benci. "Ke za ki shiga. Ni ko tagar ɗakin ba zan kalla ba. Kai kuma Badaruddeen, abin da ke damun ka, ka faɗa musu har wanda ba su tambaya ba."

A ciki likita ya yi tambayar nan dai. Badaru ya sunkuyar da kai, tsohuwar amsar tana kan harshensa. Zinnira ta ɗora hannu a kafaɗarsa.

"Kofur, ni ce kawai a nan."

Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Ba na iya riƙewa, likita. Ƙafar ma ba na jin ta." Ya bari aka duba shi tun daga wuya har tafin ƙafa.

Bayan wata biyu sabon sakamako ya fito, kashi saba'in cikin ɗari, da umarnin a riƙa ba shi kayan jinyarsa daga asibiti. Ƙafa dai ba ta dawo ba, ba kuma za ta dawo ba. Amma Zinnira tana ɗakinta, kuma maƙwabta sun fara jiyo muryar Kofur yana tsokanar ta a kan gishirin miya, tana rama masa.

Kunya ado ce, 'yan'uwa, kuma girmama suruki tarbiyya ce da ba za mu yar ba. Amma kunyar da za ta hana mara lafiya faɗin ciwonsa a gaban likita ba ladabi ba ce, cutar kai ce, kuma ba shi kaɗai take cuta ba. Iyaye kuma su bincika kafin su yanke hukunci, don wani shirun da suke gani girmansu ne ya jawo shi. Haƙurin Zinnira ne ya riƙe gidan nan har gaskiya ta fito.

Malam Abdulmumini yana zuwa Gammo duk ranar Alhamis. Tun kafin ya kashe babur, kafin ma ya yi sallama, ake jiyo muryarsa daga waje.

"Badaruddeen, ni ne! In ka sauko daga kujerar nan ban yafe ba!"